Waɗanda Malam Bai Ƙirga Ba: Martani Kan Garkuwar Jikin Mutanen Dajin Birnin Gwari

Malam, na karanta makalarka ta kwanan baya kan lafiyar mutanen karkara, wadda ka gina a kan abin da idonka ya gane maka a ƙasar Birnin Gwari bayan rikicin 'yan bindiga ya lafa hanya ta buɗe. Ga yadda na fahimce ka, in na yi ƙari ko ragi ka gyara mini. Ka ce ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku da Kuyambana sun yi shekaru babu malamin asibiti, babu mai allura, ruwan rafi ake sha, amma ka iske mutane garau, suna saɓa buhun masara ba ko nishi, alhali ɗan birnin da aka yi wa allura tun yana zanen goyo ba ya kwana uku a can sai zazzaɓi ya shimfiɗe shi. Daga nan ka kwatanta garkuwar jiki da damtsen ɗan dambe, wahala ce ke gina ta, hutu kuma ya lalata ta. Ka ƙare da cewa allurar riga-kafi sangarta jiki take yi, saboda haka kuɗin da za a kashe wajen bin yara ƙauye-ƙauye gara a mai da su taki da gyaran hanya.

Batun taki da hanya ina bayanka. Sauran maganar ce ba zan bari ta wuce ba, domin akwai magidancin da zai karanta, ko a karanta masa, ya tsaya a bakin ƙofa ranar da masu allura da akwatin ƙanƙararsu suka yi sallama.

Ban ce ƙarya ka yi ba. Majiya ƙarfi suna nan a Kuyello da Dogon Dawa da Randagi, kowa ya gan su. Sai dai lissafinka na waɗanda suka kai ga zuwa kasuwa ne. Yaron da ƙyanda ta ɗauke bai iya tafiya ba, ba ya zuwa kasuwa a gan shi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187, kusan ɗaya cikin biyar ke nan, kuma an haɗa birni da ƙauye ne a wannan lissafi. Da ka sa wata dattijuwa ta shige maka cikin gida ta tambayi mata haihuwa nawa suka yi, nawa ke raye, da ka ji irin amsar da kunnenmu ya saba da ita: tara, huɗu sun koma. Kakanninmu da kake yabo, waɗanda ba su san allura ba, su ne suka raɗa wa yara Ajuji da Ajefas da Ayashe, don wabi ya ishe su.

To bari mu duba yadda abin yake aiki, domin a nan ne kwatancenka ya goce.

Ga manomi a Kakangi yana noman farko, fartanya ta zame ta sare shi a babban yatsan ƙafa. Kafin wannan saran, fatarsa ce ta hana dubban ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa shiga. Sauran ƙofofin jiki ma kowace da nata tanadi: majina na kama ƙura, wasu ƙananan gasu a hanyar numfashi suna turo ta sama a tofar ko a haɗiye, hawaye da miyau na ɗauke da sinadarin da ke narka bangon bakteriya, ruwan ciki kuma tsaminsa na ƙone yawancin abin da ya shiga tare da abinci. Yanzu fata ta tsage. Jini ya daskare ya toshe bakin ciwon. Wasu manyan fararen ƙwayoyin jini da ke zaune cikin nama, makirofej, sai su fara haɗiye baƙin da suka shigo, suna kuma sakin sinadaran kiran agaji. Ƙananan jijiyoyin wurin su buɗe, jini ya kwararo, shi ya sa yatsan ke ja, ya yi zafi, ya kumbura, ya dinga zogi. Cikin sa'o'i kaɗan niyutirofil sun cika wurin. Su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jini, ɓargo na samar da kimanin biliyan 100 nasu kullum, kuma ba sa daɗewa: su ci ƙwayar cuta su mutu. Mugunyar da manomin ke matsewa da safe, yawancinta gawarwakinsu ne. In abin ya yi tsanani jiki ya ɗau zafi, domin zazzaɓi kansa dabara ce ta takura wa wasu ƙwayoyin cuta.

Wannan sashe na farko na garkuwar jiki da shi aka haifi kowa, ɗan Unguwar Rimi da ɗan Tabanni duk ɗaya. Yana da sauri, amma ba ya bambance wannan cuta da waccan, ba ya kuma ajiye tarihin kowa.

Kwana biyu sai manomin ya ji kaluluwa ta fito masa a saman cinya, yana ɗingishi. Mutane na ɗaukar kaluluwa wata cuta ce daban, alhali a nan ne aikin sashe na biyu yake. Ana kwaso ɓurɓushin ƙwayar cutar daga yatsa a kawo shi cikin waɗannan ƙulluwan, inda wasu fararen ƙwayoyi iri biyu, B da T, suke jibge. Abin mamakinsu shi ne kowace ɗaya siffa guda tak take ganewa, kuma akwai miliyoyin iri daban-daban. Sai an lalubo wadda ta dace da wannan baƙon, sannan ta shiga hayayyafa, ɗaya ta zama dubbai, wannan ne kumburin da yake ji. Ƙwayoyin B su ƙera antibodi, sinadarin da ke manne wa ƙwayar cutar ko dafinta ya hana ta aiki. Ƙwayoyin T kuma wasu su tsara aikin, wasu su kashe ƙwayoyin jikin da bairos ya riga ya shige. In an gama, yawancinsu su mutu, kaɗan su zauna suna riƙe da kamannin abokin gaba, wani lokaci har ƙarshen rayuwa.

Abu biyu nake so ka riƙe a nan, Malam. Na farko, wannan ajiyar ta cuta ɗaya ce. Wanda jikinsa ya san zazzaɓin cizon sauro sau ɗari, bai san mashaƙo ba ko kaɗan. Damtse in ya ginu, da shi ake ɗaukar buhu, da shi ake saran itace, amma garkuwa ba haka take ba, kowace cuta da karatunta. Na biyu, a haɗuwar farko wannan sashe na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kammala shiri. Wasu bakteriya kuwa cikin minti 20 ɗaya ke zama biyu in sun sami wuri. Sanƙarau kan kashe yaro cikin yini da kwana. Mashaƙo kan shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, cikin 'yan kwanaki numfashi ya gagara. Tsere ake yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allurar riga-kafi ba wani magani ba ne da ke zama cikin jiki yana yi masa aikinsa. Ƙwayar cutar ce aka kashe, ko aka raunana, ko aka gutsuro wani yanki nata, ko aka kashe kaifin dafinta, aka nuna wa waɗannan ƙwayoyin B da T ɗin. Jiki ne da kansa ke lalube, ya hayayyafa, ya ƙera, ya ajiye. Ɗan zafin jikin da yaro ke yi daren da aka yi masa allura, wanda ke sa iyaye mata su ce ba su ƙara kai shi, alamar wannan aikin ce. Ka ce Allah ya hore wa jiki abin da ya ishe shi. Haka ne, kuma cikin abin da Ya hore masa har da iya koyo tun kafin ranar gamo. Ina sangartar take a nan?

Sai mu zo kan cewa cuta ce ke horar da jiki. Wace cutar? Ɗauki ƙyanda, tunda ita ce ta fi yi mana ɓarna. Gaskiya ne wanda ya yi ta ya tashi ba ya sake yi. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Peter Panum, ya tabbatar da haka a tsibiran Faro a 1846, inda ya tarar tsofaffin da suka yi ta a 1781, shekara 65 baya, ko ɗaya bai sake kamuwa ba. Amma bairos ɗin ƙyanda, ƙwayoyin da ke riƙe da ajiyar jiki su yake shiga ya kashe. A wani bincike da aka wallafa a 2019, masana sun auna jinin wasu yara 77 a Holan waɗanda iyayensu ba su yarda da allura ba, kafin su yi ƙyanda da bayan sun yi. Sai aka ga cutar ta shafe musu daga kashi 11 har zuwa kashi 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da suka tara a baya. Yaran Turai ke nan, masu cin mai kyau. Iyayenmu mata ba su san wannan lissafi ba, amma sun san abin a aikace: ƙuraje sun bushe, fata na saɓa, an fara hamdala, sai gudawa ta tsinke, ko tari ya sarƙe ƙirji, ko ido ya yi fari. Yaro ya tsallake ƙyanda, abin da ta buɗe wa ƙofa ya tafi da shi bayan wata biyu, a ce ajali ne ya zo ta wata hanyar.

Ba ma sai mun je Holan ba. A nan Zariya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikin shekarun 1970, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun yi bincike a kan yaranmu. Sun nuna cewa ƙyanda na danne garkuwar yaro, sun kuma nuna cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ke jikinsa, ko allura aka yi masa, antibodin da yake samarwa bai kai na mai lafiya ba. Wato cutar da kake kira malamar jiki, wani lokaci ita ce ke hana shi ɗaukar karatu.

Akwai ma wadda ba ta koyar da komai. Tetanus, ciwon da ke ɗaure muƙamuƙi ya sandare jiki, ƙwayarsa na kwance cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato ainihin inda manomi da makiyayi ke yini. Dafinta na da ƙarfin da ɗan abin da zai kashe mutum bai kai jiki ya lura da shi ya koya ba. Wanda ya yi tetanus ya tashi, sai an yi masa allura kamar kowa. Jaririn da aka yanke wa cibiya da tsohuwar reza, ya daina kama nono kafin suna, yana ƙanƙamewa, a ce iska ce ta taɓa shi, sau da yawa wannan ce. Abin da ke kare shi allurar da aka yi wa uwarsa tana da ciki, domin antibodinta na ratsa mabiyiya su shiga jininsa. Haka ma dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, cike yake da antibodin da ke shafe hanjin jariri. Wannan aron da uwa ke ba ɗanta yana ƙarewa cikin watanni, shi ya sa aka ajiye allurar ƙyanda ta farko a wata tara, ta biyu a wata 15.

Inda maganarka ta fi ƙarfi shi ne zazzaɓin cizon sauro, kuma ba zan ƙwace maka gaskiyarka ba. Babban mutum a Damari na iya yawo da ƙwayar cutar a jininsa bai ko kwanta ba, baƙo kuwa ta kayar da shi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, da ke jihar Jigawa a yau, daga 1969 zuwa 1976, ya bi diddigin yadda wannan juriya ke ginuwa da shekaru. An kuma gano a Burkina Faso cikin shekarun 1990 cewa Fulani sun fi maƙwabtansu jure cutar, ko da sauro ɗaya ke cizonsu. To amma nawa ake biya? Ƙwayar wannan cuta na sauya kamanni, sai jiki ya gamu da ita sau da yawa, shekara bayan shekara, kafin ya sami kariyar da ba ta ma cika ba. A cikin waɗannan shekarun ne ake suma, ake jijjiga, jini ke ƙonewa, saifa ke kumbura. Najeriya ita kaɗai ke da kusan kashi 30 cikin 100 na masu mutuwa da wannan zazzaɓi a duniya, kuma a Afirka kusan uku cikin huɗu na mamatan 'yan ƙasa da shekara biyar ne. Juriyar kuma ba ta dindindin ba ce: mutumin Gayam da ya yi shekaru a inda babu cutar, in ya dawo gida zai kwanta kamar baƙo, mace mai cikin fari ma takan rasa wani kaso nata. Ko amosanin jini da ya yawaita a cikinmu, gadon wannan yaƙin ne. Mai ɗauke da rabi, AS, yana samun kariya daga mummunan zazzaɓi, shi ya sa irin ya yaɗu, 'ya'yan SS kuma su ke biyan kuɗin.

Wani abin da makalarka ta tsallake shi ne abinci. Antibodi daga abinci mai gina jiki ake ƙera su. Akwai wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, taimos, inda ƙwayoyin T ke nuna, kuma tana cikin abin da ke fara motsewa in tamowa ta kama yaro. Fatarsa ta yi laushi tana tsagewa, hanjinsa ya yi rauni, wani ma ba ya iya yin zazzaɓi ko da cuta ta cika jininsa. Ka tuna shekarun da kake magana a kai. Shekarun da manomi ke biyan 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, kamar yadda ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta sha kokawa. Shekarun da aka bar gonakin nesa suka zama saura, aka kore shanu, nono ya yi wuya, mutanen ƙauyuka suka cunkushe a ɗakunan 'yan'uwa a cikin gari. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka hana hawa babur, aka katse layin waya. Yaron da ya tashi a wannan tsakani, me ya ƙarfafa shi? A nan takinka ya shigo, kuma na yarda da shi, domin buhun waken soya da gyaɗa su ma aikin garkuwa suke yi. Amma ƙoshi ba ya koya wa jiki kamannin mashaƙo.

Za ka iya cewa, to me ya sa ban tarar da annoba ba? Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, don amsarta ba ta da daɗi. Ƙyanda ba ta da mazauni sai jikin mutum. In hanya ta yanke, kasuwa ta mutu, baƙo ya daina zuwa, ita ma tafiya na yi mata wuya. Amma haihuwa ba ta tsaya ba. Kowace shekara ana ƙara sabbin yaran da ba su yi cutar ba, ba a kuma yi musu allura ba, suna taruwa. Koma kan tsibiran Faro ɗin nan. Masunta ne da makiyaya, mutanen wahala da sanyi, shekara 65 babu ƙyanda saboda teku ta raba su da duniya. Mutum ɗaya ya shigo da ita daga Kofanhegan, cikin 'yan watanni kimanin mutum 6,000 suka kwanta daga cikin ƙasa da 8,000. A inda babu kariya, mai ƙyanda ɗaya kan harbi mutum 12 zuwa 18, kuma bairos ɗin kan yi har sa'a biyu a iskar ɗaki bayan mai shi ya fita. Sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 allura kafin ta rasa hanyar bi.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta yi kusan shekara goma a rufe. Alhamdu lillahi. Yanzu motoci na bin hanyar Buruku, fatake na zuwa daga Funtuwa da Tegina da Kontagora, mutanen daji na shigowa gari, 'yan gudun hijira na komawa kufai, ana biki ana suna. Duk wanda ya san halin da aka fito zai yi murna. Amma hanyar da ta buɗe wa tirelar shanu ita ce ta buɗe wa tari da atishawa. Mun ga haka a Barno: Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga shan-inna ba, sai ga ta a Agustan 2016 a jikin yaran da suka fito daga yankunan Gwoza da Jere, inda rikici ya hana masu ɗigo shiga. Mun ga mashaƙo, da likitoci da yawa ba su taɓa gani da idonsu ba, ta tashi daga ƙarshen 2022, Kano ce cibiyarta, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba su kammala allura ba.

Na san tsoron allura ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan ya kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa yara kimanin 200 a Kano, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Trovan maganin jinya ne, ba riga-kafi ba, amma wa zai tsaya bambancewa bayan an binne masa ɗa? Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, har zuwa Yulin 2004 da Kano ta amince da wanda aka kawo daga Indonesiya. Cikin wannan tsakani da bayansa cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, kuma guragun da ta bari suna nan muna ba su sadaka a bakin danja. Da sarakuna da malamai suka shigo ciki aka dage, a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Haka nan mutumin ƙauye da ke tambaya, me ya sa ake biyo ni har gida da ɗigo kyauta, amma in ɗana na jijjiga babu ko ƙwayar zazzaɓi a ɗakin shan magani, tambayarsa na kan hanya, kuma ya cancanci amsa daga hukuma. Sai dai amsar ita ce a kawo masa duka biyun. Kai kuma so kake a ɗauke ɗayan da ya samu.

Abin da ya ba ni dariya a makalar shi ne yadda ka kafa hujja da makiyayan daji, wai su ne shaidar zama da halitta ba tare da allura ba. Malam, ai Bafulatani ya riga ni da kai sanin riga-kafi. Tun kafin zuwan Turawa makiyayan Afirka ta Yamma kan yanki ɗan huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga saman hancin lafiyayya su cusa mata, don ta yi ƙaramin ciwo ta tsira daga babba. Saboda cutar bushiya ta shanu aka kafa cibiyar binciken dabbobi ta Vom a 1924. Da aka yi sake da allura, bushiya ta dawo a farkon shekarun 1980 ta share garke-garke a Arewa, dattawan ruga ba su manta ba. Da allura aka kore ta, har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Ka kuma dubi damtsen duk wani dattijo da ya haura sittin a fadar Mai Gwari, da wuya ka rasa tabon lamba. Wannan tabon ne ya sa jikokinsa ba su san zanzanar agana ba, cutar da aka daina gani a Najeriya tun 1970, aka shelanta ƙarewarta a 1980.

Saboda haka abin da ya kamata alƙalaminka ya matsa wa hukuma a kai ba janye masu allura ba ne. A nemo yaran da aka haifa cikin shekarun tashin hankali, har da waɗanda suka wuce shekarun da aka saba yi wa allura, a cike musu abin da ya kuɓuce. Jaririn yau kuma a bi masa ƙa'ida: ta tarin fuka da ciwon hanta da ɗigo ranar haihuwa, mai haɗe da cuta biyar a mako 6 da 10 da 14, ƙyanda da shawara da sanƙarau a wata tara. Yawancin waɗannan alluran sai an riƙe su tsakanin digiri 2 zuwa 8, in sun sha rana a bayan babur sun tashi aiki, don haka firjin sola a Kuyello da Dogon Dawa da Randagi ya fi taron ƙaddamarwa a Kaduna amfani. A zauna da ardo-ardo da ungozomomi da limamai tun kafin a zo, a ajiye teburin allura ranar kasuwa kusa da inda mata ke sayar da nono, a haɗa da awon tamowa da maganin zazzaɓi don kada uwa ta koma hannu rabbana. Kuma a yi shi da kaka, hanya ta bushe, hatsi na gida, domin ƙyanda da sanƙarau daga hunturu zuwa bazara suke tashi, jiki kuma na buƙatar makonni bayan allura kafin kariyar ta kankama.